Zagaye 500 a Filin Tseren Martinsville

Daga birnin Greensboro na jihar Carolina ta Arewa zuwa filin tseren motoci na Martinsville da ke jihar Virginia, tafiyar ba ta wuce awa guda a mota ba, idan babu cunkoso a hanya. Greensboro na cikin garuruwan Amurka da 'yan Nijar suka yi yawa, kuma mai masaukina a can ɗaya ne daga cikinsu, dattijo mutumin Maraɗi wanda ya daɗe yana sana'ar gyaran mota a garin. Shi ne ya matsa mini cewa kada in bar yankin ban ga tseren NASCAR, shahararriyar gasar tseren motoci ta Amurka, da idona ba, domin a cewarsa wanda ya san tseren ta talabijin kaɗai bai san shi ba. Ziyarata ta dace da ƙarshen watan Oktoba na 2022, lokacin da ake gudanar da tseren kaka a Martinsville, wanda shi ne na kusa da na ƙarshe a gasar shekarar, saboda haka muka sayi tikitin Asabar da na Lahadi.

Hanyar da muka bi ita ce mai lamba 220, wadda ta miƙe arewa ta cikin tuddai da dazuzzuka, ganyayen itatuwa sun rine sun koma ja da ruwan ɗorawa kamar yadda suke yi a ƙarshen kaka. Filin tseren ba a cikin garin Martinsville yake ba, yana kudu da shi, kusa da wani ƙaramin gari da ake kira Ridgeway, amma mun shiga garin da safe kafin mu koma filin. Gari ne na mutum kimanin 13,000, wanda a da ya yi suna wajen ƙera kujeru da gadaje da kuma saƙa tufafi. Masana'antar zaren roba ta DuPont ta rufe a 1998, manyan masaƙun garin suka bi bayanta cikin 'yan shekaru, ayyukan suka koma ƙasashen da ƙwadago ke da araha. Wanda ya taɓa wucewa ta Kakuri a Kaduna, ya ga dogayen gine-ginen masaƙun da suka mutu, zai gane abin da na gani a wasu unguwannin Martinsville ba sai an yi masa bayani ba. Wannan ne ya sa tseren da ake yi sau biyu a shekara yake da nauyi a wurin mutanen garin fiye da abin kallo kawai. Tun daga nesa da filin muka fara ganin magidanta a ƙofar gidajensu riƙe da kwali, suna kiran masu motoci su ajiye a kan ciyawar tsakar gidansu su biya, yara kuma suna sayar da ruwa da ƙanƙara a bakin titi. Filayen da ke kewaye cike suke da manyan motocin da ake kwana a cikinsu, wasu iyalan tun tsakiyar mako suka kafa sansani, suna gasa nama, kowace mota da tutar lambar direban da masu ita ke goyon baya.

Da muka hau matakalan zama na leƙa ƙasa, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar wurin. Tsawon zagaye ɗaya mita 847 ne, kuma babu filin da ya fi shi gajarta a cikin waɗanda ake yin babbar gasar a kansu kowace shekara. Siffarsa irin ta ƙaramin ƙarfen nan da ake maƙale takardu da shi ce: miƙaƙƙun hanyoyi biyu masu tsawon kimanin mita 240 kowace, sai kwana biyu masu tsananin lanƙwasa a ƙarshensu, waɗanda ake raba kowace gida biyu wajen ƙirge, a samu kwana ta ɗaya zuwa ta huɗu. Miƙaƙƙun na kwalta ne, ƙasan kwanonin kuma na kankare, domin zafin tayoyi da nauyin motoci sun riƙa yayyaga kwaltar har aka gaji aka zuba kankare a 1976. Kwanonin ba su da gangare sosai, digiri 12 ne kawai, saboda haka babu abin da zai taimaki direba ya sha kwana sai birkinsa. Daga kujerata ina ganin filin baki ɗaya ba tare da na miƙe ba, har da layin dogon da ya bi ta bayan miƙaƙƙiyar hanya ta can ɓangaren, inda jirgin ƙasa na kaya yakan wuce ana tsakiyar tsere.

Wani ɗan kasuwa na yankin mai suna H. Clay Earles ne ya gina filin a 1947, lokacin ƙasa ce ja ba kwalta. Kujeru 750 ya tanada don tseren farko, mutum sama da 6,000 suka zo, da yawansu cikin tufafin da suka je coci da su, suka koma gida ƙura ta rufe su. Red Byron ne ya ci wannan tsere. Ita kanta hukumar NASCAR, wadda Bill France ya kafa, sai a 1948 ta tsaya da ƙafarta, ta fara babbar gasarta a 1949, kuma daga wannan shekara har yau ba a taɓa tsallake Martinsville ba, abin da babu wani filin da zai iya tinƙaho da shi. Tushen wasan kansa a irin waɗannan tuddai yake. Manoman yankin sun daɗe suna dafa barasa a ɓoye don kauce wa haraji da doka, samarin da ke ɗaukarta cikin dare kuma suka koyi ƙara wa motocin gida ƙarfi domin su tsere wa jami'an gwamnati, daga baya suka fara gwada motocin a tsakaninsu a filayen ƙasa ranar hutu. Junior Johnson, ɗaya daga cikin manyan direbobin zamanin farko, sai da ya yi zaman gidan yari a kan wannan sana'a.

Motocin yau ba su da alaƙa da na gida sai ta kamanni. A ido za ka ce Chevrolet Camaro ce, ko Ford Mustang, ko Toyota Camry, amma Alhaji, kamar yadda nake kiran mai masaukina, ya ja ni gaban wata da aka ajiye don 'yan kallo, ya nuna mini cewa fitilun gaba hoto ne aka manna, ƙofa kuwa babu ita sam, ta taga direba ke shiga, a ɗaure shi a kujera a cikin keji na bututun ƙarfe, a rufe tagar da raga. Injin mai silinda takwas ne, da ƙarfin doki 670 a lokacin, kuma babu salansa. A shekarar ce aka fara amfani da sabon samfurin motar, mai giya biyar, da tayoyi masu faɗi waɗanda noti ɗaya tak ke riƙe kowace a tsakiya, maimakon biyar na da. Ya shafa gefen motar da tafin hannu ya ce, "Malam, taɓa ka ji, wannan ba kwano ba ne. Idan ta goga katanga ba ta lanƙwashewa ta yanke taya kamar tsofaffin, komawa take yi yadda take." Na riƙe maganar, ban san cewa washegari za ta yi amfani ba.

Ƙarar motocin kuwa sai wanda ya ji. Da tsakar ranar Asabar manyan direbobi suka fito gwaji da neman gurbin tashi, kuma ko da mota ɗaya ce a fili, ƙarar tana dukan ƙirji, benci yana rawa a ƙarƙashin mutum. Babu wanda ke zama ba tare da abin toshe kunne ba, har jarirai an sa musu nasu. Kowane direba yana zagayawa shi kaɗai a auna lokacinsa, kuma Kyle Larson ne ya fi kowa sauri, da zagayen da bai kai daƙiƙa 20 ba. A ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya mota tana kusantar gudun kilomita 190 a awa, sai direba ya danne birki ya rage kusan rabi, ya manne da dandamalin cikin kwana, ya jira gaban motar ya juya, sannan ya koma kan totur a hankali don kada tayoyin baya su zame. Sau biyu ake yin haka a kowane zagaye, wato sau 1,000 a tseren Lahadi.

Da yamma aka yi tseren rukuni na biyu, na matasan direbobi da masu neman hawa babbar gasa, kuma a nan ne na fahimci dokar da ba a rubuta ba ta wannan fili. Layi ɗaya ne mai sauri, shi ne na ciki, kuma wanda ya riƙe shi da wuya a wuce shi ta waje. Saboda haka an yarda direba ya taɓa bayan motar da ke gabansa da bamba, ya ɗan ture ta ta kauce daga layin, shi kuma ya shige. Wannan ba laifi ba ne a wurin kowa, 'yan kallo ma tafi suke yi masa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a buge mutum har ya juya ya daki katanga. A zagaye na ƙarshe Brandon Jones ne a gaba, kuma sai ya ci tseren zai samu shiga wasan ƙarshe na neman kambu. Na bayansa shi ne Ty Gibbs, abokin aikinsa a kamfani ɗaya, jikan mai kamfanin, ɗan shekara 20, wanda ya riga ya samu gurbinsa ta hanyar maki. Suna shiga kwanar farko Gibbs ya daki bayan Jones da ƙarfi, motar ta juya ta yi baya-baya ta bugi katanga, shi kuma ya wuce ya ci. Ban taɓa jin taron mutane ya yi wa wanda ya yi nasara ihun ƙi irin na wannan yamma ba. Wata tsohuwa da ke zaune gabanmu, wadda ta yini tana saƙa hula tana kallo, ta ajiye saƙar ta miƙe tsaye tana nuna shi da yatsa. Na ga gaskiyarsu, domin yaron bai buƙaci abin da ya yi ba, kuma ya hana kamfaninsu samun mota ta biyu a wasan ƙarshe.

Masaukan yankin duk sun cika tun da daɗewa, don haka Greensboro muka koma muka kwana, muka yi sammako ranar Lahadi. Abincin da filin ya yi suna a kai wani jan tsiran-alade ne a cikin burodi, da miyar nama da yankakken kabeji da albasa, dala 2 kowane, farashin da aka daɗe ba a taɓa shi ba, kuma makanikai kan yi gasar yawan wanda suka ci a ƙarshen mako. Mu ba abincinmu ba ne, shinkafa da kaza muka zo da su daga gida, tun da an yarda ɗan kallo ya shiga da ƙaramar kular abincinsa. Da azahar ta yi muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa kusa da motarmu. Iyalin da suka ajiye mota kusa da mu suka rage ƙarar rediyonsu har muka sallame, maigidan kuma ya zo ya tambaye mu direban da muke goyon baya, ya ba mu shawarar mu riƙa kallon kwana ta uku.

Baƙaƙen fata ba su da yawa a cikin taron, kuma wannan yana da tarihi. Tafiyar kimanin kilomita 50 gabas da filin akwai garin Danville, mahaifar Wendell Scott, bakanike kuma direba, wanda ya shiga gasar a zamanin da a kudancin Amurka baƙin mutum ba ya cin abinci ɗaki ɗaya da fari. Da tsofaffin motoci ya riƙa tsere, 'ya'yansa ne masu canza masa taya. Ranar 1 ga Disamba 1963 ya ci tsere a Jacksonville ta jihar Florida, amma aka sanar da Buck Baker a matsayin wanda ya ci, aka ba shi kofi, sai bayan jama'a sun watse aka gyara lissafin aka amince Scott ne. Ya rasu a 1990 bai riƙe kofin ba. Shekara 50 aka yi kafin wani baƙar fata ya sake cin tsere a ɗaya daga cikin manyan rukunan NASCAR, kuma a nan Martinsville ne Bubba Wallace ya yi hakan a watan Oktoba na 2013, a gasar motocin a-kori-kura. Shi ne kuma ya yi kiran a hana ɗaga tutar tsoffin jihohin kudu masu kare bautar da bayi, hukumar ta hana ta a watan Yuni na 2020. Da aka kira sunansa a lasifika ranar Lahadi, wasu suka yi tafi, wasu suka yi ihun ƙi, mu dai mun tafa.

Tseren na Lahadi 30 ga Oktoba yana da nauyi saboda tsarin gasar na wannan shekara. Direbobi 8 ne suka rage cikin masu neman kambun shekara, kuma 4 kaɗai za su wuce zuwa wasan ƙarshe a Phoenix mako mai zuwa. Duk wanda ya ci tsere a wannan mataki ya wuce kai tsaye, sauran guraben kuma maki ne ke raba su. Joey Logano ya riga ya samu nasa a Las Vegas. Christopher Bell da Chase Briscoe suna can ƙasa a maki, babu abin da zai cece su sai cin tseren. Denny Hamlin, ɗan jihar Virginia wanda ya sha cin tsere a wannan fili amma bai taɓa ɗaukar kambu ba, yana takara da Ross Chastain, ɗan gidan manoman kankana daga Florida, kuma su biyun sun sha gwabzawa a cikin shekarar. Kafin a fara, wani limamin coci ya yi addu'a, aka rera taken ƙasa kowa na tsaye ya cire hula, sannan aka ba da umarnin tayar da injuna. Motoci 36 suka tashi lokaci ɗaya, suka bi motar jagora layi biyu-biyu, aka kaɗa koriyar tuta.

Wanda bai saba ba zai ɗauka motoci ne kawai ke zagaye wuri ɗaya har awa uku da wani abu. Cikin 'yan mintuna na gaba ya kamo na ƙarshe, motocin suka haɗe suka zama zobe ɗaya, ba ka sanin wa ke gaba sai ka dubi allon lambobi. Abin da ya buɗe mini ido shi ne rediyon da muka yi haya a ƙofa, wanda ke ba ɗan kallo damar jin maganar kowane direba da mutanensa. Kowace mota tana da mutum a saman rufin matakalan zama riƙe da madubin hangen nesa, shi ne idon direba, domin direban ba ya iya waiwaye. Muryarsa ba ta tashi ba ta sauka, yana faɗa masa akwai mota ta ciki, har yanzu tana nan, ta wuce, koma layinka. Shugaban makanikai kuma yana karanta masa lokacin kowane zagaye, yana tunatar da shi ya lallaɓa tayoyin baya, ya rage danne birki. Alhaji ya rubuta mini a takarda, tun da magana ba ta jiwuwa, cewa idan birki ya yi zafi fiye da kima yakan narkar da bakin taya inda ta kama ƙarfe, taya ta fashe, mota ta miƙe zuwa katanga. Daga nan na daina bin na gaba da ido, na zaɓi motoci biyu da ke tsakiya na riƙa kallonsu. Na bayan ya shafe zagaye kusan 20 yana matsowa taƙi-taƙi, yana shiga kwana a hankali domin ya fita da sauri, yana sa hancinsa ƙarƙashin bayan abokin takararsa yana janyewa, har na gaban ya ɗan makara wajen birki sau ɗaya, ya buɗe ƙofar da ba ta fi faɗin mota ba. Wannan haƙuri shi ne sana'ar, kuma talabijin ba ta nuna shi, domin kyamara ba ta zama a kan motoci biyu na tsawon minti bakwai.

Idan an yi haɗari akan kaɗa tuta mai ruwan ɗorawa, kowa ya rage gudu ya bi motar jagora, kuma a lokacin ne ake rububin shiga layin gyara, inda ba a wuce gudun kilomita 48 a awa. Mutum biyar ke tsallake katanga su tari mota: mai jak, masu kwance taya biyu, mai ɗauko taya, da mai zuba mai. Tayoyi huɗu da mai a cikin daƙiƙa 10 ko 11. Da yawansu tsofaffin 'yan wasan ƙwallo ne na jami'a da aka ɗauka saboda ƙarfi da zafin nama. Gidan Wood Brothers na garin Stuart, wanda ba shi da nisa da filin, masu mota mai lamba 21 da ke tsere tun 1950, su ne suka fara mayar da wannan aiki abin da ake tsarawa ana maimaitawa kamar atisaye. A Martinsville, inda wucewa ke da wuya, daƙiƙa ɗaya da aka ɓata a layin gyara tana iya zama gurbi uku ko huɗu da direba zai yi zagaye 50 bai dawo da su ba.

Abin da ya sami Hamlin ke nan. Motarsa mai lamba 11 ta fi kowace kyau a farkon tseren, ya jagoranci zagaye sama da 200, ya cinye kashi biyun farko cikin kashi ukun da aka raba tseren, har mutanen Virginia da ke kewaye da mu suka fara murna. Amma tsayuwarsa a layin gyara ta riƙa yin jinkiri, ya koma cikin cunkoso, Bell mai lamba 20 ya karɓi gaba. Saura zagaye kimanin 30 wata mota ta daki katanga, tuta ta fito, kowa ya tsaya shawara. Bell ya shiga ya sa sababbin tayoyi huɗu. Briscoe ya ƙi shiga, ya zauna a kan tsofaffin tayoyinsa domin ya samu gaba, yana fatan ƙuncin filin zai kare shi. Da aka sake sakin motocin, Bell yana bayan motoci da dama, kuma shekararsa duka ta rataya a kan waɗannan 'yan zagaye. Ya riƙa cin su ɗaya bayan ɗaya, bai juya kowa ba, har ya iso bayan Briscoe, wanda motarsa ke zamewa a kowace fita daga kwana. Saura zagaye 5 ya wuce shi. Wannan ce nasara ta 200 da kamfanin da Bell ke tuƙa wa, na Joe Gibbs kakan Ty Gibbs, ya samu a babbar gasa.

Duk da haka ba a kan Bell idon jama'a ya ƙare ba. Da aka kaɗa farar tuta ta zagayen ƙarshe, Chastain yana na 10, Hamlin yana gabansa da tazara, kuma lissafin maki ya nuna Hamlin ne zai wuce. An gaya wa Chastain ta rediyo cewa gurbi biyu yake buƙata, ga shi babu motar da ke kusa da shi. Ina kallon kwana ta uku kamar yadda aka ba mu shawara, sai na ga mota mai lamba 1 ta iso wurin da kowa ke taka birki ba ta rage gudu ba. Na ɗauka birkinta ne ya tsinke. Ya sa giya ta biyar, ya jingina gefen dama na motar da katangar waje, ya danne totur har ƙasa, katangar ce ta juya shi. Motar ta zagaye kwanar gaba ɗaya tana gogar katanga, hayaƙi da ɓarɓashi na tashi, da gudun da ya kusa ninka na waɗanda ke ƙasa, ta wuce motoci biyar kamar a tsaye suke, na ƙarshensu Hamlin, wanda ta iso layin ƙarshe kafaɗa da kafaɗa da shi, ta riga shi da ɗan hanci. Zagayen ya ɗauki daƙiƙa 18.845, wanda ya fi na Larson na ranar Asabar sauri da kusan daƙiƙa guda, a kan tayoyin da suka gaji. Filin ya ɗauki ihu, mutanen da ba su san juna ba suna riƙe kafaɗar juna suna nuna allo. Chastain ya faɗa daga baya cewa a wasan bidiyo da yake yi da ƙanensa suna yara ya koyi dabarar, kuma abin da ya fi tsorata shi wata ƙofa ce da ke jikin katangar kwana ta huɗu, wadda da motar ta sarƙe da ita da labarin ya canza.

An turo wa Bell kyautarsa a gaban matakalan zama, dogon agogon katako mai tsayin kusan mita 2, irin wanda ake jinginawa a falo. Earles ne ya fara ba da shi a 1964, lokacin da Fred Lorenzen ya ci, domin a wancan lokacin a Ridgeway ake ƙera irinsa, kuma direbobi suna ƙaunarsa fiye da yawancin kofuna. Richard Petty, wanda ya ci tsere 15 a wannan fili, shi ne ya fi kowa tara su. Rabin 'yan kallon ba su ma juyo sun dubi agogon ba, suna can suna leƙen motar Chastain da gefenta na dama ya goge.

Mun yi la'asar a bakin mota, muka shafe fiye da awa guda kafin mu fita daga cunkoso, kuma gardamar da muka yi ke nan har gida. Alhaji yana ganin ranar ta maƙeran motar ce, domin tsohon samfuri mai jikin kwano da ya lanƙwashe ya yanke taya tun a tsakiyar kwana. Ya ce, "Malam, yaron nan ya yarda da motarsa, kuma ba ta ba shi kunya ba." Ni kuma na ce masa, "Alhaji, ba na musun ƙarfin halinsa, amma tuƙin da na zo gani Bell ne ya yi shi." Har yanzu ra'ayina ke nan. Abin da Chastain ya yi bai karya dokar da ake da ita a ranar ba, bai kuma juya kowa ba, saboda haka ya fi abin da Gibbs ya yi ranar Asabar tsabta nesa ba kusa ba. Amma tsakanin katangar da kujerun farko akwai 'yan taku kaɗan da ragar waya, kuma da an bar dabarar ta zama al'ada, da kowane zagayen ƙarshe motoci goma ne za su afka wa katanga tare, aikin zagaye 499 na lallaɓa birki da taya ya tashi a banza. Wasu direbobin, har da Larson da Logano, sun faɗi irin wannan tun a daren. Mako guda bayan haka Logano ya ɗauki kambu a Phoenix, Chastain ya zo na biyu a jerin shekara, Bell na uku. A watan Janairu na 2023 hukumar ta sanar cewa duk wanda ya sake hawa katanga haka za a hukunta shi, a watan Maris kuma masu filin suka gayyaci Chastain ya tuƙa motar ɗaga kaya, ya taimaka aka ciro wani yanki na katangar aka adana shi.